Fitilar Kitikar Alhaji Ladan

Ku samarin yanzu, in fitilar mota ta mutu sai ku cire ƙwan ku jefar ku sa sabo. In bai kama ba ku canza fis. In har yanzu shiru, sai ku ce wa mai mota ya je ya sayo wayoyin gaba ɗaya, ku ɗaura, ku karkaɗe hannu. A ganinku wannan shi ne aikin wutar mota. To, ku gyara zama. Ni Sanda, da kuke ce wa Baba Rewaya, na shiga wannan sana'a tun Turawa na ƙasar nan, lokacin da in ƙwan fitila ɗaya ya ƙone a Illela sai an aika Sakkwato, a Sakkwaton ma wani sa'in sai an jira ya zo daga Kano. Ba ka jefar da abu sai ka tabbata ya mutu, in ya mutu kuma sai ka san abin da ya kashe shi.

Wanda ya koya mini shi ne Saje Altine, tsohon soja ne da ya yi gyaran motocin yaƙi a wajen Turawa, ya dawo gida da ɗingishi da akwatin ƙarfe guda. Rumfarsa tana bakin hanyar da ta miƙe zuwa Ƙonni, can ƙetaren iyaka, gindin wani gawo. Abin da ke cikin akwatin ba shi da yawa: filaya, sukuddireba manya da ƙanana, ƙarfen liƙa dalma wanda ake gasawa a garwashi, da ƙwan gwaji, wato ƙwan fitila da aka liƙa wa waya biyu don a taɓa a ga inda wuta ta tsaya. Sai kuma agogon awon wuta, wani ɗan baƙin akwati mai allura, wanda yake naɗewa a cikin tsohuwar safar soja. Wannan agogon, a iya sanina, babu irinsa daga nan har Sakkwato.

Aikin farko da ya sa ni, batirin wata motar gyaɗa ne da kawunansa suka yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Ya ba ni wuƙa ya ce in kankare. Na kankare, na ce na gama. Ya duba ya ce in sake. Sai da ƙarfen ya yi ƙyalli sannan ya zaunar da ni ya ce, wuta baƙuwa ce mai kunya, ba ta kwana a gidan kowa. Tana fita daga batir ta waya, ta shiga ƙwai ta haska shi, sannan ta bi jikin ƙarfen motar ta koma inda ta fito. In hanyar zuwa ta yanke, ba haske. In hanyar komawa ta yi tsatsa, ba haske. In kuma ta sami gajeriyar hanya tun ba ta kai ƙwan ba, sai ta ruga da ƙarfi ta ƙone fis, in babu fis ta ƙone motar. Duk abin da na yi a sana'ar nan har na tsufa bai wuce maganar nan ba. Wayoyin lokacin rigar zare gare su, ba roba irin taku ba, ɓera na ci, gara na ci, rana na gasawa. Ruwan batir kuwa sai damina ta faɗi mu tari na sama a cikin kwalabe mu ɓoye, don ruwan rijiya kashe batir yake yi.

Na fi shekara a rumfar kafin a kawo Isuhu. Ku riƙe wannan, ni na riga shi. Ɗan wani mai canjin kuɗi ne daga Ƙonni, sa'ana ne, siriri, mai yawan surutu. In mota ta tsaya, ni ina ƙarƙashinta tun inji bai huce ba, shi kuwa yana kan benci da direba yana tambayarsa lafiyar gida, da inda ya kwana, da abin da ya ɗauko. Ni a ganina lalaci ne. Hannuna ya fi nasa nesa ba kusa ba. Liƙin da na yi da dalma ba ya ɓallewa, har yau akwai tsofaffin direbobi da za su shaida. Nasa kuwa kamar kashin kaza. Amma wata rana wani direba ya tambayi Saje wanne ya fi a cikinmu, sai ya ce, "Sanda hannu, Isuhu kunne." Direban ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba, don ban taɓa ganin an ɗaure waya da kunne ba.

Da idon Saje ya fara rauni ya yi shirin komawa ƙauyensu, sai ya kira mu ya buɗe akwati. Ya ba ni rumfar, ya ba ni ƙarfen liƙa da filaya da ƙwan gwaji. Ya ɗauki safar nan ya miƙa wa Isuhu. Na ce, "Baba Saje, ni na riga shi zuwa." Ya ce, "Na sani. Kai ka sami rumfa da hanya a ƙofarta. Shi zai ƙetare ya fara daga ƙasa, a bar shi da abin da zai nuna." Mutane suka ce an yi adalci. To, rumfar kara ce da kowa zai iya kafawa da hantsi. Isuhu ya ƙetare zuwa Ƙonni da agogonsa, ya kama gyaran motocin Faransawa. Labarinsa yana zuwa mini a bakin direbobi. Duk wanda ya ce mini Isuhu gwani ne, amsata ɗaya ce: agogo ne gwani, a ba ni shi a gani.

Motar da ta riƙe rumfata a shekarun nan ita ce kitikar Alhaji Ladan. Kitika ita ce wadda kuke kira a-kori-kura, mai gidan direba a gaba da bayan katako na kaya. Alhaji Ladan babban ɗan kasuwa ne, yana kai goro da atamfa Ƙonni, yana dawowa da kanwa da gishiri da fatu. Direbansa Mani, mutumin kirki, tun muna yara muka san juna. Motocin gyaɗa na kaka ne kawai, su zo su wuce. Kitikar nan kuwa rani da damina tana hannuna. Na san kowace waya a jikinta kamar yadda kuka san hanyar gidanku.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Gyaɗa ba ta yi ba, motocin da ke zuwa ɗaukarta ba su zo ba. Sai in wuni a rumfa ba abin da ya wuce ta gabana sai jakuna da shanun Fulani da ake korawa kudu neman ciyawa. Abincin gidana gaba ɗaya ya koma kan mota ɗaya. A shekarar ce kuma kitikar ta fara abin da ta fara.

Mani ya zo wata safiya ya ce ƙananan fitilu sun mutu a hanya, na gaba biyu da jar ta baya. Manyan na haska hanya suna nan lafiya. Na duba, fis ya ƙone. Na sa wani, suka kama. Na bi waya da ƙwan gwaji tun daga makunni har wutsiyar mota, lafiya lau. Na girgiza wayoyi, na bubbuga fitilun da hannu, ko ƙiftawa ba su yi ba. Na ce tsohon fis ne ya gaji. Bayan kasuwa ɗaya, wato mako guda, ya dawo, fis ya sake ƙonewa. Wannan karon na kwance makunnin na wanke, na cire mazaunin jan ƙwan na baya na kankare tsatsa, na sake liƙa bakin waya. Ya tafi, ya dawo da ƙonannen fis. Fis ɗina suka ƙare, na koma tsinke siririyar waya ina ɗaurawa a madadinsu. Abin haushin shi ne, a gaban rumfata motar nan ba ta taɓa yin laifi ba. Sai in kunna fitilu in bar su har batir ya yi sanyi, suna ci kamar ba su san komai ba.

Ku da kuke ganin ƙaramar fitilar baya ba komai ba ce, ku ji abin da ta jawo. Wata rana da almuru Mani na dawowa, ya tsaya kusa da Amarawa don wani fasinja ya sauka. Bai san jar fitilar ta mutu ba. Wata babbar mota da ta biyo bayansa ba ta gan shi ba sai da ta zo daf, ta kauce amma ta goge gefen katakon. Wani Bafillace dattijo da ke zaune a baya ya sako ƙafa waje, ƙafar ta karye. Aka kai magana gaban alƙali, Alhaji Ladan da girmansa ya je ya durƙusa, ya ɗauki jinyar mutumin. Da ya fito bai nufi gida ba, rumfata ya nufo, Mani na biye da shi kai a sunkuye.

Ya ce, "Sanda, mi ke damun motar nan?"

Na ce, "Alhaji, ina kan nema."

Ya ce, "Tun yaushe kake nema? Ko kai ba ka iya ba, ko Mani ke yi mata wani abu a hanya. Ɗayanku zai bar cin abinci a jikinta."

Mani ya ce, "Wallahi Alhaji, ban taɓa komi ba."

Na roƙi a bar mini ita in kwance ta gaba ɗaya. Alhaji ya bari. Na cire kujera, na cire allon gaban direba, na zare wayar fitilun daga gaba ina shafa ta da yatsa taƙi bayan taƙi. Na tabbatar gaba lafiya take. Na tabbatar tsakiya lafiya take. Abin da ya rage shi ne ɗan guntun da ya bi ta kan ƙarfen gindin mota, ƙarƙashin katakon baya, inda hannu ba ya shiga sosai. Na leƙa shi, na taɓa da ƙwan gwaji, wuta na wucewa. Niyyata washegari in ɗaga katakon. Wannan ba ƙari na yi ba, Allah ne shaida, washegari zan ɗaga shi.

Washegarin da hantsi sai ga Alhaji, ga Isuhu a bayansa a kan keke, da jakar fata a rataye. Ya yi ƙiba, ya sa wata hula irin ta mutanen can. Ya sauka ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Yaya Sanda, ina gajiya? Alhaji ya matsa mini, na ce ba ni taɓa motar da ke hannunka sai da izininka." Mutanen da ke zaman banza a shekarar suna da yawa, kafin ka ce kwabo sun kewaye rumfar. Mi zan ce? Na ce, "Bismilla." A raina na ce to, fid da agogon naka mu gani.

Ya rataye jakar a reshen gawo. Bai buɗe ta ba. Ya je ya zauna kan benci kusa da Mani, kamar yadda yake yi muna yara.

Ya ce, "Mani, in fitilar ta mutu, kana tafiya Ƙonni ne ko kana dawowa?"

Mani ya ƙirga tafiye-tafiyen da yatsu. Ya ce, "Dawowa. Kai, kullum dawowa ne."

"Mi kake kaiwa?"

"Goro da atamfa."

"Mi kake ɗaukowa?"

"Kanwa da gishiri, har sai ta zauna."

"Kafin abin ya fara, akwai wanda ya taɓa motar wanda ba bakanike ba?"

Mani ya ce babu. Can kuma ya ce, "Sai dai kafinta. Katako ɗaya ya tsage a baya, ya canza shi."

Isuhu ya tashi ya ce mini, "Yaya Sanda, a taimaka a sa fis a kunna." Na sa, na kunna, fitilu suka kama. Ya juya wajen 'yan kallo ya ce duk mai son hawa mota kyauta ya hau baya. Aka yi dariya aka ɗare, ƙarti suka cika katakon har motar ta zauna. Fitila na ci. Ya ce su yi tsalle gaba ɗaya. Suka yi na farko, ba komai. A na biyu sai na ji ɗan ƙaran nan, tas, a ƙarƙashin allo. Fitilu suka mutu a gaban idon kowa.

Isuhu ya ce kowa ya tsaya inda yake. Ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashi, ya nufi daidai wurin da na bari jiya. Bai daɗe ba ya kira ni. Na shiga na kwanta kusa da shi. Ya kama yatsana ya ɗora a kan wani tsinin ƙusa. Kafinta ya buga doguwar ƙusa ta huda sabon katakon ta leƙo ƙasa, saitin wayar. In mota ba kaya, akwai tazara tsakaninsu kamar kaurin ɗan yatsa. In an loda kanwa katako ya lanƙwaso, aka faɗa rami, sai tsinin ya soki wayar, ƙusar kuma tana goge da ƙarfen mota, wuta ta sami gajeriyar hanya. Ramin da ta yi a rigar wayar bai fi idon allura ba, kuma ta sama yake, inda mai leƙe daga ƙasa ba zai gani ba.

A nan ƙarƙashin motar ya rage murya ya ce, "Ka riga ka share mini hanya, da ba ka gama da gaba ba da sai na wuni. Mu fita mu ce tare muka gani."

Na ce, "Kai ka gani. Ba ni son sadaka."

Muka fito. Ya zare ƙusar da filayata, ya ɗaga ta sama. Wurin ya kaure. Alhaji ya karɓe ta yana jujjuyawa yana salati. Mani kuwa ya rungume Isuhu, don aikinsa ya tsira. Ba wanda ya dube ni sai da aka zo gyaran wayar, Isuhu ya ce, "Liƙi na Yaya Sanda ne, ni ban kai shi ba." Na hura garwashi, na yanke wurin da ya huje, na liƙa, na naɗe, na janye wayar daga bakin katako na ɗaure ta. Liƙin nan ya riƙe har motar ta mutu aka sayar da ƙarfenta. Amma ku tambayi duk wani tsoho a garin nan wa ya gyara kitikar Alhaji Ladan, ku ji sunan da zai faɗa. Jakar nan kuwa tana rataye a gawo har ya hau kekensa. Da ma ya buɗe ta, da na sami abin faɗa.

Daga ranar Alhaji ya ce tunda motar kullum tana Ƙonni, a riƙa duba ta can. Bai yi mini faɗa ba, ya dai daina aikowa. Isuhu ya aiko Mani ya ce in zo mu haɗa rumfa, shi ya riƙa nema ni in riƙa liƙi. Na ce a gaya masa ban yi shekarun koyo don in zama mai hura wa wani wuta ba. Sauran shekarar na ƙarasa ta da gyaran tocila da fitilar keke da faci a gindin butoci. Da abin ya ƙi, na kai iyalina ƙauyen Gidan Katta wajen kawuna, muka ci abin da ya samu tare da su. Sai da aka yi damina mai kyau motocin gyaɗa suka dawo sannan na sake buɗe rumfa.

Bayan Turawa sun tafi motoci suka yi yawa, aiki ya ishi kowa. Isuhu ya dawo da rumfarsa wannan gefen, kusa da shingen kwastan, inda mai shiga da mai fita duk sai sun gan shi. Muka yi shekaru muna kallon juna. Muna gaisawa, ya zo sunan 'ya'yana na je na nasa. Motocin da na gyara a rayuwata sun fi nasa yawa, don ni ba na zaman hira. Amma in mota ta gagara, ko a rumfata take tsaye, sai ka ji wani ɗan kallo ya ce, "A kai wa Isuhu mana." Wata rana wani yaron mota ya tambaye ni ko gaskiya ne a wajen Isuhu na koyi aiki. Na kore shi da motar tasu ban gyara ba.

Ciwon da ya ɗauke Isuhu bai daɗe ba. Na je jana'iza, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da aka gama rufewa ana watsewa, Mani, wanda lokacin ya tsufa ya bar tuƙi, yana tsaye kafaɗarsa na gogar tawa, ya ce wa mutane, "Shi ke nan, yau mai gyaran wuta ya ƙare a Illela." Suka ce wallahi kuwa. Ba wanda ya yi don ya ɓata mini, ba su ma lura ina wurin ba.

Bayan an yi sadakar bakwai sai ga Mani ya zo da motar ɗansa, wata a-kori-kura da ke kashe batir in ta kwana. Ya ce, "Sanda, a duba mana, tunda abin ya zama haka." Na karɓa. Laifin ɓoyayye ne, wata waya ce a cikin ƙofa ta goge tana shan wuta a hankali. Tun safe nake bi, ban ci abinci ba, sai bayan la'asar na kama ta. Ba kowa zai kama ta a wuni ɗaya ba, wannan na sani. Na gyara, na ce wa ɗan nasa ya tayar. Ta tashi bugu ɗaya, fitilu suka kama gaba da baya.

Mani ya zagaya motar da sandarsa yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a bayanta ya daɗe yana kallon jar fitilar. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan Isuhu. Da shi ne, da tun hantsi mun tafi."

Na goge hannuna na ce amin.